Igiyar Nomau a Birnin Lilo

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasa ba da tabarma ba, ya rataye sama ba da igiya ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ni ne Nomau ɗan Barau, mutumin Kurmin Ɓaure, wanda kuka daɗe kuna kira Sai-gobe a bayan idona, marasa kunyarku ma a gaban idona. Kun ishe ni da tambayar yadda aka yi yayana Dikko ya dawo garin nan a goye. To, ku gyara zama. Sau ɗaya zan faɗa, wanda ya yi gyangyaɗi ya je ya nemi mai maimaita masa.

Mu biyu uwarmu ta haifa. Dikko ne babba, kun kuwa san shi. In ya ce zai yi abu, kafin ka gama jin maganar ya gama aikin. Ya kama ɓarawo a guje, ya ka da bijimi da ƙahonsa, ya yi fatauci har inda ba a jin Hausa. Bai taɓa jiran kowa ba, ko tuwo da zafinsa yake afawa. Ni kuwa tun ina yaro, in aka sa ni aiki sai in ji kamar an ɗora mini turmi a ƙirji. Zuciyata ta ce, za ka ɓata, za a yi maka dariya, bari sai ka shirya. Sai in nemi gindin bango in jawo rama in yi ta tufka. Ba sana'a na ɗauke ta ba, hannuna ne kawai ba ya iya zama. Igiya ta cika ɗakina har ta fito zaure. Ku ɗin nan da kuke zaune, wane ne bai taɓa zuwa ya ɗauka ba? Ko sannu babu, ku tafi kuna cewa Allah ya shiryi Sai-gobe. Baba ma har ya koma ga Mahaliccinsa maganarsa ɗaya ce a kaina: wannan yaron ba zai tsinana komai ba.

Wata rana, ana gab da saukar ruwan farko, wani bafatake ya yi sallama a ƙofar gidanmu da hular Dikko a hannunsa. Ya ce can gabas da gabas akwai wani gari ana ce masa Birnin Lilo. Gidajensu duk a rataye suke da igiyoyi a jikin wani dutse, ƙarƙashinsu rami ne da ba a taɓa ganin gindinsa ba. Kakanninsu ne suka tufka igiyoyin, kuma a dokarsu ba a cewa igiyar kaka ta tsufa, don wai zagin matattu ne. Dikko ya shiga garin da kanwar sayarwa, ya ɗaga kai ya duba, ya ce a tsakiyar kasuwa, "Kai, igiyar nan ai ta ruɓe!" Nan take suka kama shi, suka sa shi a kwando, suka zura shi cikin ramin da wannan igiyar da ya kushe. Abinci da zare ake saukar masa. Ba zai fito ba sai wani jininsa ya je ya tufka sabuwa a gabansu, ya ɗaura a ƙugunsa, ya sauka ya ɗauko shi.

Duk gidan aka juyo aka zuba mini ido. Na ce, "Gobe da sassafe."

Da goben ta zo, na ga takalmina ba zai kai ba. Da aka gyara takalmi, na ce guzuri bai bushe ba. Da guzuri ya bushe, ruwa ya sauka, na ce a bari hanya ta yi kyau. Haka damina ta shiga ta fita. Ku ce lalaci, ko oho. Abin da ke raina shi ne, igiyata akuya take ɗaurewa, guga take ja. Wa ya taɓa rataye ran mutum a kanta? In na je ta tsinke, ni na kashe shi. In ban je ba, mutanen Lilo ne suka kashe shi.

Tabawa, matar Dikko, ita ta tashe ni. Da can abokiyar wasata ce, kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙanen mijinta. Tun ranar hular nan ba ta ƙara yi mini dariya ba. Ana gama girbi ta zo ta tsaya a kaina, ta ci ɗamara, sandar mijinta a hannu.

Ta ce, "Ba ni igiyarka mafi tsawo."

Na ce, "Ki yi me da ita?"

"Zan je in ce musu ni ƙanwarsa ce. In sun gane ƙarya nake, su rataye ni kusa da shi." Sai ta kwance ɗankwalinta ta jefa mini a cinya, ga mutane a ƙofar gida suna kallo. "Ungo, ɗaura. Ka tuɓe wandon ka ba ni, tunda a jikinka zaman banza yake."

Wallahi sai da na ji duhu ya rufe mini ido. Kada wani ya ce jarumta ce ta fitar da ni daga garin nan. Fushi ne. Na suri jakata, ban yi wa kowa sallama ba, ina tafe ina tsine wa Tabawa, da Dikko da bakinsa mai kaifi, da duk wanda ya fara ƙirƙiro igiya a duniya.

Na ratsa ƙasashe da ba su da suna a bakinmu. Na wuce inda ƙasa ja ce kamar an yi yanka, na wuce inda tsuntsaye ke gina sheƙa a bayan shanu suna tafe. Daga nan na faɗa wani fili fetal, ba itace ba ruwa, rana tana dukan tsakar kaina. Can na hango wani ɗurumi, girmansa ya kai unguwa, inuwarsa baƙa ƙirin don sanyi. Da na isa sai ga mutane zazzaune a gindinsa, kowa da kayan tafiyarsa a gefe.

Na yi sallama, wani dattijo mai gemu fari fat har cibiya ya amsa a daƙile. Na ce, "Baba, ina aka nufa?"

Ya ce, "Ɗaurin aurena za ni. Rana nake jira ta ɗan yi sanyi."

Na dubi gemun, na ce a raina wannan amarya tana da haƙuri. Na kusa da shi ya ce neman ilimi za shi, gajiya yake jira ta sake shi. Na zauna. Kai, ban taɓa jin daɗin zama irin wannan ba! Wata murya a zuciyata ta ce, Dikko da ya yi damina a kwando, yini ɗaya me zai ƙara masa? Na miƙe ƙafa, na jingina.

Hannuna ne ya cece ni, ba hankalina ba. Ina zaune sai ya fara laluben abin murzawa kamar yadda ya saba. Ya ci karo da wata ciyawa siririya kamar gashin wutsiyar doki. Na fizga ta ƙi tsinkewa, sai da na naɗe ta a yatsa na tumɓuke ta daga saiwa. Na murza a cinya, ta kwanta luf. Na ƙara tumɓukowa, na ƙara. Sai da na duba inda nake cirowa, gabana ya faɗi. Ashe a idon sawuna take naɗewa. Na dubi dattijon nan, ta rufe shi har ƙugu. Wasu can ciki sai kawunansu kawai ake gani, suna ta cewa yanzu za su tashi.

Na yi ta tumɓuka da hannu bibbiyu ina cusawa a jaka, har jakar ta cika ƙafafuna suka kuɓuta. Na miƙe zumbur. Ku zo ku ga ƙiyayya! Dattijon ya daka mini tsawa, "Kai wane ne da za ka tashi? Ka fi mu gaggawa ne? Zauna, ɗan banza, ba ka ga rana ba?" Na ce in ciro shi, ya kai mini duka da sandarsa. Sauran suka yi ta jifana da duk abin da hannunsu ya kai. Na fita cikin ranar nan da gudu, ban waiwaya ba.

Bayan filin akwai wani kogi mai faɗi, ruwansa kore shar, kadoji kwance a bakinsa kamar an jera itacen girki. Kwalekwale ɗaya ne a wurin, ba sandar tuƙi ba komai. Mai shi wata tsohuwa ce ana ce mata Kainuwa, fuskarta a murtuke, bakinta ja da goro.

Na ce, "Iya, a haye da ni."

Ta ce, "Shiga. Jirgin nan gaskiya ce ke tura shi. Ka faɗa masa abin da ka iya. In ka yi cika-baki ya nutse da kai, ga masu jira can." Ta nuna kadojin da haɓa.

Na ji sanyi a raina, don in dai wannan ne ba ni da fargaba. Na zauna na ce, "Ni ban iya komai ba."

Jirgi ko gezau.

Kainuwa ta tofar da goro ta ce, "Maƙaryaci."

An kira ni rago, an kira ni sakarai, an kira ni abin da ba zan maimaita a gaban yara ba. Amma maƙaryaci? Raina ya ɓaci. Na ce, "Iya, ki tambayi duk Kurmin Ɓaure. Ubana ma ya shaida."

"Ubanka ne zai haye ko kai? Jirgina bai san ubanka ba. Ka faɗi gaskiya ko ka fita, kana tsare wa mutane hanya." Ba kowa a bayana, amma haka ta ce.

Na dubi tafin hannuna da ya yi kanta. Da ƙyar na ce, "To, ina ɗan taɓa tufka."

Jirgi ya matsa kamar taku ɗaya ya tsaya. Kainuwa ta yi tsaki. Na ce, "Na iya tufka." Sai ya zabura ya kai mu tsakiyar ruwa, ya sake cijewa. Kadojin suka sulalo ɗaya bayan ɗaya suka kewaye mu. Wani ya bugi gefen jirgin da wutsiya har ruwa ya fantsamo mini a baki.

Kainuwa ta ce, "Rabi ka faɗa, rabin hanya ya kawo ka. Ni ba sa cina, na yi musu tauri."

Na tsani tsohuwar nan. Na tsani jirginta. Na san abin da take so in faɗa, na kuma san in na faɗa shi, ba ni da sauran wurin ɓuya. Amma da wani kada ya ɗora haɓarsa a bakin jirgin na ga haƙoransa, sai na ji bakina yana ihu: "Duk ƙasarmu ba mai tufka kamar ni! Igiyata ba ta taɓa tsinkewa ba, ko a rijiya ko a wuyan bijimi! Ina taɓa igiya in san ranar da za ta mutu!"

Na runtse ido ina jiran nutsewa. Jirgin ya tsaga ruwa kamar an harba shi daga baka, sai ji na yi mun daki gaɓa na kifa da fuska a yashi. Kainuwa ta ce, "Fita. Ƙaton banza, sai an nuna masa haƙori."

Birnin Lilo kuwa, bafatake bai faɗi rabinsa ba. Dutse ne da ya tokari gajimare, ya rankwafo a kan ramin, gidaje suna reto a ƙarƙashinsa kamar an rataye ƙwarya a rumfa. Tsakanin gida da gida gadojin igiya ne, mutanen garin duk tafiya suke a tale saboda lilo. Ina shiga na ji tsigar jikina ta tashi. Igiyoyin sun yi fari, sun yi gashi. Duk inda ta fara zarewa sun naɗe wurin da ƙyalle mai ado, sun shafa masa mai, don kada ido ya gani baki ya faɗa. Na ga wani gurbi tsakanin gidaje biyu, na tambayi wani mutum ina gidan da ke nan. Ya harare ni ya ce, "Kakanni sun kira su."

Aka kai ni gaban Sarkin Igiya, wani ƙaton mutum ana ce masa Bagudu, wuyansa cike da layu masu ƙulli. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne ƙanen wanda ke cikin kwando."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi murmushin da ya fi zagi ciwo. "Madalla. Dokarmu mai sauƙi ce, baƙo. Da hannunka, a gabanmu. Ba ma matsa wa kowa. Ka ɗauki duk lokacin da kake so, sai ka tabbata igiyarka ta yi. Ai ran ɗan'uwa ba abin gaggawa ba ne."

Aka kai ni wani zaure mai sanyi ana ce masa Zauren Shiri, aka ba ni tabarma da tulin rama. Cike yake da baƙi irina, kowa da nasa ɗan'uwan a rataye cikin ramin. Su tufka su duba, su girgiza kai, su warware. Wannan ya ce ramar ba ta jiƙu ba, wancan ya ce sai iska ta kwanta. Ana kawo musu abinci a kan kari. Ba zan ɓoye muku ba, na ji kamar na dawo gida. Na kwana, na wuni, na sake kwana, ina zaɓen rama ina cewa sai na samu mai kyau.

Kusa da ni akwai wata mata ana ce mata Yalwa, kanta ya yi furfura, igiyarta ta yi tsibi a gabanta. Na ce, "Gwaggo, taki ai ta isa. Wa kike da shi a ƙasa?"

Ta ce, "Ɗana."

Wani ya raɗa mini cewa ɗan ya faɗa ramin tun shekarun baya, ta sani, amma ta kasa daina shiri. Na dube ta tana murza tana warwarewa. Na tashi na fita.

Na je bakin ramin da hantsi, inda aka kafa turakun ƙarfe. Aka nuna mini na Dikko. Na leƙa, ga kwandon can ƙasa kamar sheƙar tsuntsu, ga wani abu a dunƙule a ciki. Na ƙwala kira, "Yaya!"

Ya ɗago kai. Muryarsa ta taso a dishe: "Wa suka aiko? Kai? Duk Kurmin Ɓaure a rasa wanda za a turo sai Sai-gobe? Koma gida, Nomau, ka ce musu na mutu!"

Na ƙyale shi. Na ɗora tafin hannuna a kan igiyar da ke riƙe da shi. A ido lafiyarta lau, an shafe ta da mai. Amma a cikinta na ji silin yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, ƙis, ƙis, kamar gero a wuta. Ba wanda ya gaya mini, ba kuma wanda na tambaya. Na san ba za ta ga faɗuwar rana ba.

Nan na zauna, a bakin ramin, na zazzage jakata. Bagudu ya iso da mutanensa, ya ga ciyawa, ya kece da dariya. "Da wannan? Haba baƙo, koma zaure ka huta, gobe a ba ka rama sabuwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ce da hannuna, a gabanku. Ga hannuna, ga ku."

Na naɗe wando na fara. Ciyawar da ta iya riƙe ƙato shekara da shekaru a gindin ɗurumi, na ce ta riƙe mini biyu na yini ɗaya. Riɓi uku na yi mata. Garin ya taru a kaina, suna ature, suna cewa ga wani mai zagin kakanni. Wani ya tofa mini yawu a wuya, ban goge ba. Muryar nan ta zuciyata ma ta zo, wannan karon da harshen Baba: ba za ka tsinana komai ba. Na ce mata, ji nan, in za ki zauna ki zauna, amma ki matsa mini daga kan cinya. Fatar cinyata ta saɓule, jini ya shiga igiyar, ban tsaya ba. Da la'asar na sake taɓa tsohuwar igiya, na ji saura ƙiris. Na ƙulle bakin tawa, na cusa ragowar ciyawar a riga, na ɗaura a ƙugu.

Bagudu ya ce, "Ba za ka auna tsawonta ba? Ba za ka gwada ta da dutse ba?"

Na ce, "Na san ta."

Ƙartin garin suka naɗa ta a turke suka fara zura ni. Ku da ba ku taɓa reto a kan rami marar gindi ba, kada ku ce mini komai a kan tsoro. Iska tana juya ni, bakina ya bushe, ina karanto duk abin da na iya. Ina sauka, ina sauka, har na fara ganin fuskar Dikko, ƙasusuwa sun fito, gemu ya cukurkuɗe. Sai na ji na tsaya cak. Igiya ta ƙare. Tsakanina da shi ya fi tsawon mutum.

Na ce, "Yaya, miƙe ka kamo ƙafata!"

Ya ce, "In miƙe da me? Ƙafafun sun mutu tun tsakiyar damina." Sai ya yi wata dariya mai ɗaci. "Ko igiyar ma ba ka iya gamawa ba. Na sani."

Daga sama na jiyo Bagudu yana cewa a jawo ni in je in sake shiri. Na ce kada wanda ya taɓa. Na naɗe ƙafa ɗaya, na zaro ciyawar rigata, na murza a kan ɗanyen ciwon cinyata ina reto a sarari. Ban taɓa tufka da sauri irin wannan ba, ban kuma taɓa yin mai kyau irinta ba. Na ƙulla ta a ta ƙuguna, na yi zarge, na sakar masa.

Ya dubi abin ya ce, "Wannan 'yar siririyar?"

Na daka masa tsawa, karo na farko tun da aka haife ni: "Rufe mini baki, Yaya, ka zura hannuwanka!"

Ya zura. Zargen ya kama shi a hammata. Ko numfashi bai sauke ba, igiyar kakanni ta ce tas! Kwandon ya tafi yana juyi, muka bi shi da ido har ya ɓace, ba mu ji saukarsa ba. Nauyin Dikko ya fizge ni kamar zai raba ni biyu. Igiyata ta miƙe, ta yi ƙara, ta riƙe.

Sai muryar Bagudu: "Igiyar kaka ba ta tsinkewa! Baƙo ne ya yanke ta! Ku sake su!"

Suka saki kuwa, la'anannu. Muka yi ƙasa, iska tana kuka a kunnena. Na ce shi ke nan. Sai muka tsaya da wata irin girgiza, muka fara yin sama a hankali. Da kaina ya fito bakin ramin, wa zan gani a gaba? Yalwa ce, ta naɗe igiyar a hannu har ta yanka mata fata, ta kafa ƙafa a turke. Bayanta duk mutanen Zauren Shiri ne, sun ture ƙartin Bagudu, suna ja suna kuka. Da muka fito ba ta dube ni ba. Fuskar Dikko ta shafa, ta juya ta tafi.

Garin ya kaure da hayaniya. Wasu na cewa a jefa mu, wasu sun fara yaye ƙyallayen nan suna duba abin da ke ƙasa, baƙin zaure kuma kowa ya ruga ya ɗauko igiyarsa ya nufi turken nasa. Ban tsaya ganin ƙarshe ba. Na goya Dikko, na ɗaure shi da igiyar, na bi gada na fita.

Kada ku zaci godiya na sha a hanya. Bakinsa yana daidai kunnena, kuma bakin bai mutu ba. "Damina guda, Nomau. Da ka zo da ruwan farko da da ƙafata zan koma. Ka ci mini ƙafafu." Kullum sai ya faɗa, safe da yamma. Gaskiya kuwa yake faɗa. Na sa a raina cewa na ceto mutumin da zai tsane ni har kabari.

Haka muka iso kogin. Kainuwa ta dube mu ta ce, "Yau kuma da kaya?" Na sauke shi a jirgi, na faɗi nawa ba tare da an nuna mini haƙori ba. Jirgi ya kai tsakiya ya tsaya. Ta ce, "Saura na goye."

Dikko ya gyara murya. "Ni ne mai ka da bijimi da..." Ruwa ya fara ɓulɓulowa ta ƙasan jirgin. Kainuwa ta ce, "Abin da ka iya aka tambaye ka, ba abin da ka taɓa iyawa ba."

Ya dubi ƙafafunsa da suka shanye kamar kara. Ya ce, "To, ban iya komai ba. Kaya ne ni, kin faɗa."

Jirgi ko gezau.

Kainuwa ta ce, "Wai gidanku duk maƙaryata ne?"

Kadoji suka fara taruwa. Dikko ya sunkuyar da kai. Sa'an nan ya yi magana can ƙasa, ba ni yake kallo ba, ruwa yake kallo.

"Na iya jira. Kullum gari ya waye sai in ce yau zan mirgina in faɗa ramin in huta. Sai in ce a'a, yaron nan zai zo. Zai makara, amma zai zo, kuma in ya zo igiyarsa ba za ta tsinke ba. Ban taɓa shakka ba ko sau ɗaya."

Na riƙe gefen jirgin ina jiran ruwa ya shigo, don na tabbata wannan kam ƙarya ce.

Jirgin ya tashi kamar kibiya. Sai da muka daki gaɓa na ga ban iya ganin gaɓar ba, idona ya cika. Dikko ya ce, "To, me kake jira? Goya ni, ko sai gobe?"

Nan na ƙulle bakin labarina yadda nake ƙulle bakin igiya, abin da na manta Allah ya sani. Ku tashi ku ba ni hanya. Ga Tabawa can tana ɗaga mini hannu, Yaya yana so a fito da shi inuwa, kuma ya ce shi ya gama duk jiran da zai yi a duniya.